Shekarar da Na Shafe Rumbun Baba

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma shi ne wanda na fi daɗewa ina kewaye shi. Ku 'ya'yana kun sha jin 'yan uwanku na ƙauye suna kirana Gwaggo Mai Fenti, kuna taya su dariya, kuna zaton son kwalliyar ɗaki ne ya ja mini sunan. Ɗaya daga cikinku ma ya taɓa jin wata tsohuwa a gidan biki tana cewa uwarku ce ta taɓa jefa gidan kakanku cikin yunwa, ya dawo yana huci yana so in ƙaryata ta. Na kau da zancen a ranar. Tsohuwar ba ta yi mini ƙarya ba, sai dai rabin labarin ta sani, kuma gara ku ji shi duka daga bakina tun ina da sauran ƙarfin riƙe alƙalami.

Kakanku Malam Sale magini ne. A ƙauyenmu da ke arewa da Bici, inda gona ke manne da gona, gida na hango gida, da wuya ka ga soro ko rumbun ƙasa na kirki wanda hannunsa bai taɓa ba. Manomi ne kamar kowa, amma da an gama kaka sai ya koma kududdufi. Sunan mahaifiyarsa na ci, Saude, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini. Na tashi ina kallon yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓewa, a mulmula tubali, a ɗora, a yaɓe. Abu na ƙarshe shi ne makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa har ya yi ja kamar shayi mai kauri, a shafe bango da shi don ruwan sama ya riƙa zamewa. Ƙanwarsa Gwaggo Hanne ce ke jiƙa masa, ita ce kuma shugabar matan da ke daɓen ɗaki a unguwarmu. To amma ɗorawa ta yi ta ƙarewa muna gani, ana sarewa ana hura wuta da ita. Masu hali suka koma yaɓa siminti a kan bangon ƙasa, bayan damina biyu ya ɓamɓaro kamar ɓawon rogo. Marasa hali kuwa, duk marka sai ka ji bango ya zube a wani gida, wani lokacin a kan mutane.

Lokacin da abin ya faru ina koyar da ilimin sinadarai a wata makaranta a Bici, ina da aure, ina da biyu daga cikinku. Babanku Malam Lawan ya yarda na koma jami'a neman digiri na biyu, bisa alƙawarin shekara biyu. Ranakun aiki ina kwana gidan wata 'yar uwarmu a Rijiyar Zaki cikin Kano, Juma'a in dawo gida. Wanda aka ba ni ya duba aikina shi ne Malam Bukar, dogon mutum marar yawan magana, iyayensa daga Barno suka zo amma shi a Kano aka haife shi. Ranar da na fara zama gabansa ya tambaye ni abin da nake so in yi, na ce ina so in yi wa bangon ƙasa abin da zai maye gurbin makuba. Ya kalle ni, ya ce yawancin ɗalibai take suke kawo masa daga littafi, ni na kawo daga gida, mu gani.

Dole in ɗan yi muku bayanin aikin, don ku fahimci inda na yi kuskure. Roba da leda da fentin zamani duk daga abu ɗaya suke, ana ce masa folima: ƙananan ƙwayoyin sinadari ne ake sa su kama hannun juna har su zama doguwar sarƙa. In ƙwayoyin iri ɗaya ne, halin sarƙar ɗaya ne. In ka ɗauko iri biyu ka sa suka shiga sarƙa guda, shi ake kira kofolima, kuma halinsa yana bin yawan kowanne a ciki. Ni ina aiki da iri biyu. Ɗaya in ya bushe shi kaɗai tauri yake yi ya tsattsage kamar busasshen ƙaro. Ɗayan in ya bushe shi kaɗai danƙo yake yi, rana ta buge shi ya riƙa kama ƙura da ƙuda. Aikina shi ne in nemo ma'aunin da in aka haɗa su za a sami fata mai ƙwari wadda ba ta tsagewa, ba ta kuma narkewa a zafin bazara. A cikin wata kwalba mai baki uku ake dafa su, da ruwa da ɗan wani irin sabulu, injin juyi na juyawa, zafi bai kai tafasa ba, ana ɗiga sinadaran ɗigo-ɗigo na tsawon awa huɗu. In an dace sai ka ga ruwa fari sol kamar madara. In aka ɗauke wuta a tsakiya, injin ya tsaya, sai ya guntse kamar awara, ka zubar ka sake. Na zubar ba adadi. Warin abin kuwa yana bin tufafi, har ƙaramin cikinku a lokacin ba ya yarda in ɗauke shi ranar Juma'a sai na yi wanka.

Haɗi na goma sha ɗaya shi ne ya yi. Na shafa shi a gilashi, ya bushe, na ɓare shi kamar fatar albasa, na ja shi ya miƙe bai tsinke ba. Na shanya shi a kan rufin ɗakin gwaji da azahar, bai yi danƙo ba. Na shafe ƙananan tubala da shi na tsoma su a bokiti, waɗanda ban shafa ba suka narke kafin la'asar, nawa suka yi sati suna nan daram. Malam Bukar ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce wannan ya yi kyau a bokiti, saura a ga abin da zai yi a damina ta gaskiya. A daidai lokacin kuma aka ce za a ɗauki sabon malami a sashenmu a ƙarshen shekara, kuma duk wanda ya kammala a cikinmu yana da rabo. Damina ɗaya kawai nake bukata, ga ta kuma ta ƙarato.

A bazarar nan Baba ya gina sabon rumbu a tsakar gida, babba, don tsohon ya tsage. Nan za a juye sauran tsabar geron gandu, abincin da gidanmu mai baki sama da ashirin zai ci har sabo ya nuna. Na same shi da hantsi yana gyara bakin rumbun, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa buƙatata. Ya sauko daga tsani, ya buɗe galan ɗin da na zo da shi, ya sansana, ya taɓa da yatsa.

"Uwata, ginin nan bai gama shan iska ba. Bayansa ne ya bushe, cikinsa da saura."

"Baba, na ƙwanƙwasa, ƙara yake yi. Kuma in na bari ruwa ya sauka, shekara ta wuce ni."

"To wannan abin naki, in ya hana ruwa shiga, zai bar shi ya fita?"

Dariya na yi. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce masa wane ruwa ne zai fita, ai mu shigarsa muke tsoro. Yayana Garba, wanda shi ne ke riƙe da gandu a ƙarƙashin Baba, yana gefe yana jinmu. Ya sa baki ya ce, Baba, an kai ta makaranta don ta san abin da ba mu sani ba, in ba a gwada a gidanmu ba gidan wa za a gwada? Baba ya yi ta murza abin a tsakanin yatsunsa har ya bushe. Sannan ya ce tunda ni ce, in shafa. Na shafe rumbun ciki da waje, hawa biyu, ban bar ko tafin hannu ba. Bayan kwana uku aka juye geron.

Ruwa ya sauka, rumbun ya zama abin kallo. Yana ƙyalli, ruwa na gangarowa a jikinsa kamar a bayan agwagwa, bangon maƙwabta na zaizayewa shi ko gezau. Mutane suna shigowa gidanmu musamman don su shafa shi. Na ɗauki hotuna, na rubuta babi na ƙarshe na kundina, na kai wa Malam Bukar. A lokacin ana cin ragowar dawa da ke wani ƙaramin rumbu, ba a taɓa sabon ba, sai da marka ta yi nisa dawar ta ƙare. Wata ranar Asabar ce, ina ƙauye, an yi kwana shida ana ruwa. Yaya Garba ya kafa tsani ya ɗaga jinkar da ke rufe bakin rumbun. Daga inda nake zaune a ƙofar ɗakin Inna, kakarku, na ji warin. Ya zura hannu ya damƙo, ya buɗe tafinsa: gero ya yi baƙi, ya cure, hunhuna ta lulluɓe shi fari da kore. Ya sake zura hannu har kafaɗa, haka. Mata suka fito daga ɗakuna suka tsaya. Baba ya zo ya sa babban yatsansa a jikin rumbun ya danna. Fatar nan tawa mai ƙyalli ta lotsa kamar ƙurji, ta fashe, ruwa ya tsiyayo, ƙasar da ke bayanta laushi kamar tuwo. Damshin da ke cikin ginin tun farko, da wanda geron ke fitarwa, duk na kulle su a ciki ba hanyar fita. Baba ya goge yatsansa a riga ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Bai kalle ni ba. Bayan kwana huɗu gefe ɗaya na rumbun ya zauna.

Saura kusan sati shida gero ya nuna. Ba zan ɓoye muku ba, gidanmu ya ji jiki. An ci tafasa, an ci rama, an ci zogale da ɗan ƙuli har yara suka fara kuka in sun ga kwanon. Yaya Garba ya kai ɗaya daga shanun noma kasuwa, a lokacin da ake tsakiyar buƙatarsu. Babanku ya yi ta ɗauko masara daga Bici a bayan babur. Maƙwabta suka riƙa aiko da ƙwarya a rufe da faifai, kuma Baba, mutumin da tun tasowata shi ke aika wa mutane, ya zauna yana karɓa yana godiya. Amma abin da ya fi yunwar ciwo ban san shi ba sai daga baya, don na gudu na koma birni na daina zuwa ƙauye, ina fakewa da aiki. Ashe ba wanda ya ɗora laifin a kaina. Gari ya ɗauka cewa Malam Sale ya tsufa, hannunsa ya mutu, ya gina rumbun da bai iya riƙe damina ɗaya ba. Har ana cewa ba don maganin 'yarsa ba da tuni ya zube. Baba yana ji, bai taɓa buɗe baki ya gyara ba, kuma ya hana Yaya Garba.

Na faɗa wa Malam Bukar gaskiya a ofishinsa, don shi ba zan iya ɓoye masa ba. Ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau ya ajiye.

"Abin da kika auna a ɗakin gwaji gaskiya ne, ba ki ƙirƙira ba. Kina iya cire babin rumbun, ki kare sauran, ki kammala bana. Ba wanda zai ce kin yi ƙarya."

"In kuma ban cire ba?"

"Sai ki rubuta cewa ya lalace, ki faɗi dalili, ki koma ki gyara haɗin. Wannan ba ya yiwuwa ƙasa da damina biyu. Gurbin aikin kuma ba zai jira ki ba. Ni ba zan zaɓar miki ba, Saude. Amma ki sani, duk wanda ya karanta kundin da babu babin nan, zai ɗauka abin ya dace da bangon ƙasa."

Na fito na cire babin. Wannan ma ku sani. Kwana goma kundin yana cikin jakata ba babin rumbu, ina gaya wa kaina cewa in na sami aikin zan fi iya taimakon gidanmu. A rana ta goma sha ɗaya, Juma'a, na dawo Bici na tarar da Gwaggo Hanne zaune a tsakar gidana, ta shimfiɗa mayafinta a kan tabarma, ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba. Gwaggo mace ce gajera mai kaurin murya, tafin hannunta kamar fatar ganga saboda riƙon madaɓi. Muka gaisa, ta ce ba zama ta zo yi ba.

"Mai unguwa ya ba wani magini daga wani gari gyaran katangar masallaci. Katangar da ubanki ya ɗora da hannunsa tun kina goye."

Na sunkuyar da kai.

"Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, mutum uku sun zo wurina in roƙar musu ke ki ba su farin ruwan nan, za su shafa wa rumbunansu bayan kaka. Ɗaya ma ɗakin da 'ya'yanta ke kwana take so ta shafe. Me zan ce musu?"

"Gwaggo, kada ki bari kowa ya shafa."

"Ni zan hana su? In ce musu me? Ni dai na san abin da na gani, na sa hannu a ƙasar nan na ji. Amma ni ba ni da boko. Ke suka yarda da ke." Ta miƙe ta yafa mayafinta. "Jibi muna daɓe a gidan Malam Audu. In kina da magana, nan ne duk matan unguwa za su taru."

Da ta tafi na sami babanku a zaure na gaya masa komai, har da abin da zai biyo baya. Shi ne fa ya yi shekara biyu yana kai ku gidan mahaifiyarsa da safe yana ɗauko ku da yamma. Ya ce, shekara biyu kika ce mini. Na ce haka ne. Ya ce yanzu sun zama huɗu, kuma aikin da muke ta lissafi a kansa ya tafi. Na ce haka ne. Ya tashi ya fita masallaci. Da ya dawo daga la'asar sai ya tsaya a bakin ƙofa yana cire takalmi, ya ce jibi shi zai kai ni a babur, kada in hau motar haya.

Ɗakin da ake daɓewa cike yake da mata, sun jeru a durƙushe, madaɓai na sauka tare suna tashi tare, ana waƙa ana yayyafa ruwa. Gwaggo ta ɗaga hannu aka tsaya. Na tsaya a bakin ƙofa da takalmina na 'yan boko a hannu. Na ce musu rumbun Baba lafiyarsa ƙalau aka gina shi. Na ce ya gaya mini bai bushe ba na ƙi ji, ya tambaye ni ko ruwa zai fita na yi masa dariya. Na ce abin da na shafa ne ya kulle damshi ya ruɓar da geron ya kashe ginin, kuma duk wadda ta shafa shi a ɗakinta, ɗakin zai iya faɗo mata. Wata tsohuwa ta ce, to ke da karatun naki? Na ce karatun ne bai kai ba, zan koma in ƙaro. Wata daga baya ta ce, Allah ya shirya Mai Fenti, aka fashe da dariya, Gwaggo ta buga madaɓinta a ƙasa waƙa ta ci gaba. Kafin magariba babu gidan da maganar ba ta shiga ba.

Baba na zaune a zaure yana gyaran igiya lokacin da na shiga. Labari ya riga ni isa. Na durƙusa na ce ya yafe mini, hawaye ya hana ni ƙarasawa.

"Wa ya aike ki ki tona kanki a gaban mata?"

"Ba kowa, Baba."

"Ni na riga na tsufa, abin da za a faɗa a kaina ba zai rage ni da komai ba. Ke kuwa yanzu kika fara." Ya ajiye igiyar. "Amma tunda kin yi, kin yi. Tashi ki zo."

Ya kai ni bayan ɗakin Inna, wani tsohon bango da ya sha makuba shekara da shekaru. Ya ɗebo ruwa a buta ya watsa, ruwan ya gangare. Sannan ya kama hannuna ya ɗora a wurin da inuwa take, ya ce in ji. Sanyi-sanyi, kamar jikin randa. Ya ce bangon ƙasa yana sha yana fitarwa kullum, da damina ya ɗauka, rana ta fito ya saki. Makuba ba rufe shi take yi ba, shiga cikinsa take yi ta ɗaure ƙasar, ta kori ɗigon ruwa amma ta bar gumi ya wuce. Ya ce naki riga kika sa masa ta leda. Na tsaya ina jin maginin da bai taɓa shiga aji ba yana faɗa mini abin da ya kamata in auna tun ranar farko ban auna ba.

Na mayar da babin, na rubuta shi yadda ya faru, na ƙara da hoton rumbun a zaune. Aikin jami'a aka ba wani abokin karatuna, kuma ya cancanta. Ni na ci gaba da koyarwa a Bici, sai bayan shekara shida wata dama ta sake zuwa. Na koma kan kwalbata mai baki uku. Wannan karon na shigar da iri na uku cikin sarƙar, ɗan kaɗan, wani sinadari mai son ruwa, don ya buɗe wa gumi hanya. Na kuma tsinka haɗin sosai don ya nutse cikin ƙasa maimakon ya kwanta a kanta, daga baya ma na riƙa gauraya shi da ɗan ruwan makuba, abin da zai ishi bango ɗaya a da ya ishi biyar. Gwajin da na ƙara mai sauƙi ne: kofi da ruwa a ciki, a rufe bakinsa da faifan ƙasa da aka shafa wa haɗin, a liƙe gefe da kakin zuma, a riƙa ɗora shi a sikeli kowace safiya. In nauyi na raguwa, gumi na fita. Faya-fayan nan Baba ne ya yi mini su, ɗaruruwa, kowanne kaurinsa ɗaya kamar an yanka da inji. Duk Asabar zan tarar ya jera su a inuwa, ya tambaye ni na makon jiya, wanne ya yi numfashi wanne ya shaƙe. In na faɗi lambar haɗi sai ya ce a'a, ki ce mini mai ruwa-ruwan nan ko mai kaurin. Iri na ukun nan ya ba ni wuya, in ya yi yawa bango ya sha ruwa, in ya yi kaɗan ya shaƙe, sai da na kai haɗi na talatin da wani abu.

Ba mu sake gwadawa a kan abincin kowa ba. Baba ya gina ɗan guntun bango a bayan gida, ya bar shi ya bushe har sai da shi da kansa ya ce ya yi, sannan na shafa. Ya ci damina ɗaya, ya ci ta biyu. A ƙarshen ta biyun Baba ya ɗauko gatari ya sare shi a tsakiya a gaban Yaya Garba da Gwaggo da duk wanda ya zo kallo. Cikinsa a bushe, jawur, har ƙura na tashi. Gwaggo ta gutsuri ƙasar ta murza, ta ce a kawo mata galan ɗaya ta gwada a daɓe. A shekarar na kare kundina. Mai unguwa kuwa tun kafin nan ya aiko a ba Baba haƙuri, don katangar da baƙon magini ya gyara ba ta yi ƙarko ba, Baba ya koma ya ɗora ta. San noman Yaya Garba ne bai dawo da wuri ba, ya yi damina uku yana aron na maƙwabci, kuma bai taɓa yi mini gori ba har ya koma ga Allah.

Bayan na kammala da 'yan watanni, wata Talata da hantsi, ana hutun makaranta, ina ɗakin gwaji inda Malam Bukar ya bar mini tebur, ina wanke kwalabe, sai mai gadi ya leƙo ya ce wani dattijo na nemana, ya ƙi shigowa da takalmi. Na fito na ga Baba, da babbar rigarsa ta Juma'a, da buhu a kafaɗa. Bai taɓa zuwa jami'a ba, mota biyu ya hau ya kuma yi ta tambaya. Malam Bukar ya fito daga ofis, da ya ji ko wane ne sai ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya shigo da shi da kansa ya ba shi kujera. Baba ya zauna yana kallon kwalba mai baki uku tana juyawa, farin ruwan na kumfa a hankali. Sannan ya kwance bakin buhun ya zazzage a kan teburina mai tsabta. Ƙasa ce, baƙa, mai danƙo, ba irin jar ƙasarmu ba.

"An kira ni aiki wajen Rimin Gado," in ji shi. "Ƙasarsu ke nan. Na shafa naki a ɗan gefe, bai shiga ba, kwanciya ya yi a kai. Na ce musu kada kowa ya taɓa sai na tambayi Uwata."

Malam Bukar ya ɗebi ƙasar ya murza, ya kalle ni yana murmushi. Na ce wa Baba wannan sai an sake ma'auni, ƙila ya ɗauki shekara.

"To ai ba sauri muke ba," ya ce, yana naɗe hannun rigarsa. "Samo mini ruwa da faranti in fara yi miki faya-fayan. Guda nawa kike so?"